Neman Shaida a kan Gwaggo Talatu

Shekara goma sha huɗu ke nan cif da muka binne Gwaggo Talatu, ƙanwar mahaifina, a bayan cocinmu na Katolika a wani ƙauye kusa da Gammo. Ungozoma ce. A zamanin tsuke bakin aljihu, lokacin da ɗakin shan magani ba komai sai kwalaben wofi, amai da gudawa ya faɗo mana. Kowa ya ja ƙofarsa, ita kuwa ta riƙa bi gida-gida da ruwan gishiri da sukari, ba ruwanta da wa ke salla wa ke zuwa coci. A sati na uku cutar ta tafi da ita. Har yau ina kewarta, har da faɗan nata.

Bara na tambayi Fada, limamin cocinmu, yadda Coci ke tabbatar da cewa mutum waliyyi ne. Ya ce tafiyar doguwa ce. Sai mamaci ya shekara biyar, Bishop ya yarda a buɗe bincike, shaidu su rantse su faɗi halinsa, mai daɗin ji da marar daɗi, a aika Roma. Can gaba kuma a jira mu'ujiza: wani ya roƙi Allah albarkacinsa ya warke, likitoci su rasa ta cewa. Ya ce wataƙila jikokina ma ba za su ga ƙarshen maganar ba. Na ce ba komai, ni farkonta nake nema.

Inda gizo ke saƙar shi ne shaidu. Waɗanda suka ga aikinta galibi Musulmi ne, kuma suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya. Tun da aka ƙaddamar da Shari'a kuwa kowa ya kama kansa. Ba wanda ya ce mana uffan, amma ba mai son sunansa a takardar coci. Da Gwaggo na nan da ta wanke mu tas, mu da su, ta tuna mana wa ya yanke mana cibiya.

Mai cikakken sani da ta rage ita ce Hajiya Yalwa, wadda suka yi jinyar tare. Yanzu tana Madadi wurin ɗanta Alhaji Sule, ido ya tafi, ƙafa ma haka. Sau uku ina zuwa yana ce mini tana barci. A na huɗu na zauna a zaure na ce zan jira ta farka.

Da ya ga ba zan tafi ba, sai ya shigar da ni wurinta. Bayan mun gaisa sosai ta ce, "Talatu masifaffiya ce, fara rubuta wannan. Amma Sulen nan da ke tsare ƙofa, a cinyarta ya rayu, ita ta mutu." Ta yi ta ba da labari har la'asar, Alhaji Sule na tsaye kansa a ƙasa. Sannan ta tambaye ni me za a yi wa Talatu in an karɓi takardar.

Na ce a matakin farko Coci za ta fara kiranta Baiwar Allah.

Hajiya ta fashe da dariya har da hawaye. "Shi ke nan? Don wannan za a je har Roma? Ai mu tun tana da rai haka muke ce mata."

Ban sani ba ko Bishop zai karɓa, amma sai na kai masa da ƙafata. Hajiya ta miƙo babban yatsanta ta ce a shafa tawada. Ɗanta ne ya riƙe mata hannun ta dangwala, sannan ya ce in buɗe sabon shafi, shi ma yana da ta faɗa.