Rubutun Jikin Kwalba

Har yau in na shiga asibiti na ji warin sifirit, sai in tuna ranar da aka tare ni a Garo.

Bayan na gama sakandare na samu aikin wanke kwalabe a ɗakin gwaje-gwajen wata makaranta a Gwarzo. Malamin kimiyyar yana karatun ƙaro ilimi. Akwai wasu garurrukan sinadari da ya haɗa da hannunsa a jami'a, fari da ruwan ƙasa, yana son sanin ko suna hana jiki tsatsa. Haka ya fassara mini. Yakan dama wani ruwa mai duhu kamar jiƙon zoɓo, ya barbaɗa garin a ciki, mu rufe a kabad don ba ya son haske. In ya koma rawaya, garin yana aiki. Na taɓa ganin ya koma, Malam har da kabbara.

Ruwan da ake damawa da shi, metanol, mai guba, ya ƙare. Lokacin komai ya ƙare, alli ma sai an karya biyu. Da ƙyar wani abokinsa a Kano ya sam masa kwalba ɗaya. Ranar Malam yana sa ido a jarrabawa, ni aka aika.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a ce. A dawowa, daidai Garo, wasu samari suka tare motarmu, suna duba kaya. Kwalbar tana cinyata, naɗe da jarida. Ɗaya ya warware, ya bi rubutun da yatsa, ya tsaya a rabin ƙarshe na cikakken sunan metanol ɗin da Turanci.

"Al-ko-hol. Kai, ku zo ku gani! Malama, hijabi har ƙasa, giya a cinya?"

Na ce ba ta sha ba ce, ta aiki ce.

"Duk mashayi ma aiki yake ce mata."

Aka sauke ni. Mutane suka taru, masu rake, masu jiran mota. Na ji wani yana cewa bulala tamanin ne. Na tuna Baba, ladanin unguwarmu, na tuna bayana a gaban jama'a. Sai wanda ya karanta ya buɗe murfin ya ce bari ya ɗanɗana a harshe a tabbatar. Ban san sanda na yi ihu ba.

"Kar ka sha! Wallahi makancewa za ka yi!"

Ya janye kwalbar daga bakinsa. Can wani ya ce, "To kun ji, har ƙarfinta ta sani. Wannan ta fi burkutu ke nan." Aka kwashe da dariya.

Wata tsohuwa da muke mota ɗaya, da ƙwaryar nono a gabanta, ta sauko ta karɓi kwalbar ta shinshina. "Haba 'ya'yan nan, wannan ai abin da ake goga wa mutum ne kafin allura. Ku bar yarinya, jikinta rawa yake."

Ba shi ba ne, amma ban gyara mata ba.

Suka bar ni. Kwalbar kuwa suka tuntsurar a gefen kwalta, ƙasa ta shanye nan take.

Labari ya riga ni isa Gwarzo. Malam ya zo gidanmu bayan la'asar, ya durƙusa a zaure yana yi wa Baba bayanin ruwan da ke komawa rawaya. Baba ya saurara har ƙarshe.

"Malam, na yarda da kai. Amma gari guda za ka bi kana wannan bayanin?"

Ban sake komawa aikin ba. Garurrukan Malam ban san ko an gwada su ba. Yaran layinmu kuwa, in na fito ɗiban ruwa, sai su yi ta tangaɗi a bayana, suna ce mini 'yar kwalba. Yanzu ƙanwata ke zuwa famfo.