Kek Ɗin Jam a Bikin Jikata

Shekara tara na yi ina girki a gidan wani Bature ɗan Italiya a Barnawa, injiniyan hanya. Matarsa ce ta koya mini kek ɗin garinsu, ƙanana, a naɗe kamar rabin wata, da jam a ciki. Ita ba ta jin Hausa, ni ban taɓa shiga aji ba, don haka babu takarda, babu awo. Hannuna take kamawa ta tsoma a ruwan sanyi, ta sa in murtsuke bota da fulawa da kan yatsu. In na danna da ƙarfi ta make ni.

Da suka koma ƙasarsu na taho da abin gidana a unguwar Television. A tukunya nake gasawa, yashi a ciki, garwashi a ƙasa da kan murfi. Jam ɗin na mangwaro ne, ni nake dafawa. Tun daga nan duk 'yar da aka aurar a gidanmu sai an bi ta da kwano guda zuwa gidan surukai. Ban taɓa barin kowa ya sa hannu a kwaɓin ba. Korar yara nake yi daga kicin.

Bara jikata ta fari ta auri wani makanike a Sabon Tasha. Saura wata huɗu biki hannuna na dama ya shanye. Ranar jajibirin bikin da hantsi aka ajiye ni a kujerar roba a bakin kicin, uwar amarya, babbar 'yata, ta tsaya a kan kwano.

"Mama, fulawa gwangwani nawa?"

"Zuba dai."

"Nawa?"

"Har ta isa."

"To ina ne isar?"

Yatsuna ne suka sani, ga su kwance a cinyata kamar na wata.

'Yata gwanar cincin ce, duk Kirsimeti ita ke yi wa zumuntar mata na cocinmu. Hannunta ya saba da murza. Ta tattare zani ta hau kwaɓin da ƙarfinta duka.

"Ke! Wanki kike yi?"

"Ai bai haɗu ba."

"Kar ki murza. Taɓa shi kawai, kamar mai duba zazzaɓin jariri."

"Mama, mit-fai ne fa aka sa wa jam, ba tiyata ba."

Ina kallo botar ta narke a tafinta, kwaɓin ya fara ƙyalli. Na san ya mutu. Da aka zo zuba jam na ce rabin ƙaramin cokali. Ta cika babba.

"Gidan surukai za a kai. So kike a ce mun yi rowa?"

Da ta ɗaga murfin tukunya kusan duk sun fashe, jam ya zubo ya ƙone baƙi. Wanda ya tsira kuma sai mai haƙori.

Na ce a sake. Wannan karon na sa ta ɗora mini kwanon a cinya, na tsoma hannun hagu. Yana jin abin da ya kamata, amma bai iya yi ba, sai dama fulawa yake kamar yaro a cikin ƙasa. Ta karɓa ta ƙarasa a hankali, tana kallon fuskata. Waɗannan ba su fashe ba. Amma da na gutsura, biskit ne kawai. Ba ya narkewa a baki.

"Ya yi?"

Ban iya ƙarya ba. Na girgiza kai.

Ta goge hannu a zaninta. "Da kin bar mu mun tsaya kusa da ke tun muna yara..." Ba ta ƙarasa ba, baƙi suka yi sallama ta fita.

Washegari aka cika kwanon gidan surukai da cincin. Ina zaune aka wuce da shi ta gabana a rufe, aka sa a mota. Saura jikoki mata uku a gidan nan, kuma har yau babu wadda ta sake tambayata gwangwani nawa.