Nargis Mai Duba Waƙafi

Shekara bakwai na yi ina zaune kusa da Madam Nargis Wahba a ofishin mujallar Al-Miftah, hawa na huɗu a wani tsohon bene da ke unguwar Shubra a Alƙahira. Da can a kotu take buga takardu da tafireta. Da mijinta ya rasu ya bar ta da ɗa guda, Hani, sai ta nemi aikin da ya fi kusa da gida.

A Landan ake buga uwar mujallar, don masu ƙananan kwamfutocin nan da ake jonawa da talabijin. Takan iso mana Alƙahira bayan wata uku, ni in mayar da ita Larabci, editanmu Ustaz Lam'i ya sa hannu. Nargis ke da shafukan tsakiya, wato dogayen layukan umarni da mai karatu zai kwafa a na'urarsa harafi bayan harafi, in ya gama wasan kwamfuta ya fito masa. Waƙafi ɗaya ya ɓace, wasan ba zai tashi ba.

A fitowa ta tara, cikin 1986, mai jera haruffa a maɗaba'a ya ga alamomin baka biyu sun kalli hagu. Shi da ya saba da rubutu daga dama, sai ya juya su duka, a ganinsa gyara ya yi. Wasiƙun ƙorafi sama da ɗari biyu suka zubo mana.

"Ki sa gyara a fitowa ta gaba, shi ke nan," Ustaz Lam'i ya ce wa Nargis.

"Ustaz, wani likitan haƙori a Tanta ya ce kwana uku ya yi yana bugawa. Wata guda zai jira?"

"To ki je Tanta mana ki buga masa, ya cire miki haƙori kyauta."

"Allah ya shirye ka. Miƙo min kan sarki."

Da hannu ta amsa wasiƙun nan, ɗaya bayan ɗaya. Tun daga ranar, kowane wasa sau biyu take bugawa a na'ura ɗaya tilo da muke da ita: na Landan sau ɗaya, sannan wanda maɗaba'a ta dawo da shi. Shayinta kullum a huce take shan shi. Sau uku ta canza tabarau, kowanne ya fi na baya kauri. Takan hawo benen da safe, ta tsaya a bakin ƙofa tana haki, ta ce, "Sannunku, bari raina ya iso, yana hawa na biyu."

A 1990 aka rufe mujallar Landan. Ustaz Lam'i ya ce mu ma mu tattara. Nargis ta jawo aljihun teburinta, cike da wasannin da masu karatu suka rubuta da kansu suka aiko daga Asyut, Mansura, har da Khartum. Da su muka ƙara shekara biyu. Shafi sittin da huɗu ya koma ashirin da huɗu, takardar ta yi kaushi, mutane kuma suka koma manyan na'urori masu faifai. Ba mai kwafar komai da hannu.

Ranar da muka rufe, Ustaz Lam'i ya ce, "Maman Hani, ɗauki na'urar ki tafi da ita, ke ta fi sani."

"In kai ta ina? Wallahi ko talabijin ba na son gani." Matashin kujerarta kawai ta ɗauka.

Bayan shekara shida na ziyarce ta a garin Minya, a gidan Hani, an yi mata aikin ido. Labarin ciwon gwiwoyinta ta yi ta ba ni, da na hayaniyar maƙwabta. Da muka ci abincin rana ta ce in karanta mata jarida. Ban kai ƙarshen shafi na biyu ba barci ya ɗauke ta.