Ƙwallayen Dabinon Kaka Yaha

Wata Juma'a da hantsi, a hunturun 1992, ina da shekara goma, na saci gwangwanin Kaka Yaha na hau saman benenmu na unguwar Jaradiya a Riyad. Yaran maƙwabta masu iƙama, takardar izinin zama, suna hutun makaranta, ni kuwa kullum hutu nake, don ba ni da takarda, babu makarantar da za ta karɓe ni. Aikina shanya, ɓarar gyaɗa, da aike zuwa baƙala, kantin unguwa. Ranar na gayyato 'yan mata biyu mu yi carafke, kuma duk Riyad ba a samun duwatsu masu santsin abin da ke cikin gwangwanin nan: ƙwallayen dabino goma sha tara, sun yi baƙi suna sheƙi. Muna cikin wasa ɗaya ya kuɓuce mini, ya gangara indararo, ya tafi.

Kaka Yaha ba kakata ba ce ta jini. Uwar wani direba ce da muke haya gida ɗaya, makauniya, mutuniyar Damagaram. Tana yarinya ayarinsu ya taso a ƙafa zuwa Makka, shekara bakwai suna tafe, suna tsayawa su yi noma su ƙara gaba. Duk wanda ya rasu a hanya, mahaifiyarta takan ajiye masa ƙwallon dabino. Kowace Juma'a bayan la'asar Kaka takan zauna a inuwar tankin ruwa, zannuwa na kaɗawa a kanta, ta riƙa ɗauka ɗai-ɗai tana murzawa. Da yatsa take gane kowa. Sai ta kira suna, ta faɗi inda aka binne shi, ta yi addu'a. Nakan kwanta gefenta ina kallon tattabaru, ina jin kamar ayarin na wucewa ta saman rufin mutane, da jakunansu da tulunansu, ba sa taka ƙasa. Daɗin muryar nake ji kawai. Sunayen ban taɓa riƙe su ba, ba zan yi ƙarya ba.

Na ci dabino, na wanke ƙwallon, na goga shi da man gyaɗa na jefa cikin gwangwanin a madadin wanda ya ɓata. Da la'asar ta fara kira: Malam Ilu a bakin rijiya, Gambo mai jego a ƙarƙashin tsamiya, har yatsunta suka kai kan nawa. Ta juya shi, ta sake juyawa. "Wannan baƙo ne, ban san shi ba." Ta daɗe tana motsa baki tana neman wanda ya ɓace, bai zo ba. A jikin ƙwallon sunan yake, ya bi indararo tare da shi. Na fashe da kuka na faɗi gaskiya, ina jiran mari. Sai ta laluba kaina ta ce, "Ke Saude, ja'ira, kin sake binne mutum. To zauna, sauran a kanki za su kwana." Baƙon kuma ta mayar da shi ciki. "Bar shi, zai samu mai shi."

Tun daga ranar, Juma'a ba ni da wasa. Ta faɗa, in maimaita. In na yi kuskure ta ja mini kunne. Shekara uku muna haka, har ta rasu aka binne ta a Riyad, nesa da kowa nata na hanya.

Bayan mun dawo gida, sai da na haifi 'ya'ya biyu a Kano na shiga makarantar manya. Ana dariya wai uwar yara da fensir. Su yi ta yi. Abin da na fara rubutawa da hannuna sunaye goma sha takwas ne, na tsallake layi ɗaya fari, sannan na sa nata. Yanzu 'ya'yana a waya suke ajiye komai, ko lambar ubansu ba su haddace ba. Ni dai duk Juma'a ina buɗe gwangwanin. Baƙon ya fara santsi, kuma da na taɓa shi na san ko wace ce.