Kaka Ta Jira Ƙasa Ta Saki

Yau da safe ƙarar kankare gilashin mota ce ta tashe ni. Maƙwabcina ne, wani ɗalibi, yake fama da 'yar ƙanƙarar da ta kwana a motarsa. A nan unguwarmu ta Glenwood, a birnin Greensboro, dusar ƙanƙara ko ciyawa ba ta gama rufewa ba sai a rufe makarantu, mutane su shiga rububin burodi da madara. Ni kuwa na tsaya a bakin taga har shayina ya huce, don ƙarar nan ta mayar da ni wani gari can ƙuryar arewa, daf da iyakar Kanada, inda na yi yarinta.

Karatu ne ya kai Baba can. Garin ƙarami ne, kuma mu kaɗai ne Hausawa a cikinsa. Shekarar da aka haifi ƙanena, Kaka, mahaifiyar Mama, ta zo daga gida don wankan jego. Ta sauka lokacin da ganye ke zuba, da atamfarta da silifas. Ni take kira ƙawarta. Ta ce da zarar an yi arba'in za ta koma, ta bar awakinta a hannun mutane.

Sai sanyi ya sauko. Kai da ba ka taɓa zama a irin wurin nan ba, ban san yadda zan kwatanta maka ba. In ka buɗe ƙofa, iska takan shiga hancinka kamar allura, hawaye ya daskare a gashin ido. Dusar ta taru har ta kai rabin tagar falo. Ba kukan tsuntsu, ba muryar yara, sai motar share hanya da ke wucewa tana gurnani. Gidan kullum warin jiƙaƙƙiyar safa da muke shanyawa a kan hitar ɗumama ɗaki yake yi, haɗe da ƙanshin man kaɗen da Kaka ke shafa wa fasassun ƙafafunta.

Sau ɗaya ta gwada fita, wai za ta gaida maƙwabta tunda su ba su zo barka ba. Santsi ya kwashe ta a bakin ƙofa. Daga ranar ta koma zaman taga. Rana kan faɗi da wuri, tana idar da azahar la'asar ta yi, kafin ta naɗe darduma magariba ta kawo kai. Takan dube ni ta ce, "Ƙawata, wai ranar garin nan ita ma baƙuwa ce?"

Arba'in ta zo ta wuce. Tari ya kama ta, likita ya ce ba za ta iya hawa jirgi ba sai ƙirjin ya washe. Bai washe ba. Wata safiya tana zaune a kujerarta, jaririn na cinyarta, Mama ta zo karɓarsa ta tarar da Kaka rai ya yi halinsa.

Mama da wata mata 'yar Sudan suka yi mata wanka. Baba ya tafi maƙabartar garin don a haƙa kabari a ranar, kamar yadda muka sani. Mai kula da wurin ya ce masa ƙasa ta daskare, ba sa binne kowa sai bazara. Babban birnin da ke da maƙabartar Musulmi yana da nisa, hanya kuma a rufe take. Baba bai yarda ba. Ya ari diga wurin mai gidan da muke haya, ya koma. Da ya dawo na ga tafin hannunsa ya tsage. Ya zauna a ƙasa da takalmansa, ya ce wa Mama, "Wallahi na sara. Kamar dutse nake sara."

Aka yi mata salla, su Baba da 'yan ɗalibai kaɗan, aka sa ta a wani ɗakin dutse da ke cikin maƙabartar, inda ake ajiye waɗanda suka rasu a lokacin sanyi.

'Yan'uwa suka yi ta bugo waya daga gida. Ina jin Mama tana amsa gaisuwa, har wani kawunta ya tambaya ko an kai ta makwancinta. Ta ce, "An kai ta." Wa za ta yi wa bayani ya gane?

Daga nan Mama ta daina zama kusa da hita. Ta cire rigar sanyinta ta rataye. Takan shayar da ƙanena a can gefen taga, inda iska ke shigowa, leɓɓanta sun bushe. Baba ya roƙe ta har ya gaji. Abin da take cewa kawai shi ne, "Inna tana waje." Haka muka yi watanni. Kullum motar makarantarmu ta gefen maƙabartar take bi, ina ganin rufin ɗakin nan ya leƙo daga cikin dusa, sai in sunkuyar da kai.

Da ƙasa ta saki aka binne ta cikin taɓo, ruwa na tsattsafowa a ramin. Baba na gama karatu muka taho Greensboro, ba wanda ya sake komawa.

Yanzu mu Hausawa muna da yawa a nan. Da Baba ya rasu, kafin la'asar jama'a sun kai shi, cikin jar ƙasa mai laushi irin ta gida. Mama ta tsufa, tana zaune wurin ƙanena a unguwar Sedgefield, jikokinta na amsa mata da Turanci. Kwanan baya ta riƙe hannuna ta ce, "Ki mayar da ni gida tun ina iya hawa jirgi." Na ce to. Amma 'yan'uwanta duk sun rasu, gidan da ta tashi a ciki ma an rushe shi an yi shaguna. Na ce mata to, alhali ban san ƙofar da zan ƙwanƙwasa in ce ga ta na kawo ba.