Gidan Hayar da Anti Ladi Ta Gina Mana a Waya

Shekara huɗu ke nan da rasuwar Anti Ladi, kuma sai a watan jiya na iya gama littafina na farko. Abubuwan nan biyu a haɗe suke a wurina, shi ya sa na ce bari in ba ku labarinta, don wallahi ya cika mini ciki.

Anti Ladi 'yar Filato ce, ta zauna a Jikwoyi, tana aikin buga takardu a wata ma'aikata a cikin garin Abuja. Ni kuma ina unguwar Dutse Alhaji, ina sayar da caja da murfin waya a shagon yayana. Ban yi makarantar koyon rubutu ba. A wani guruf na waya muka haɗu, wanda ita ta buɗe don wasan labari. Ga yadda ake yi, don na san wasu ba su taɓa gani ba. An ƙirƙiri wani gidan haya da babu shi a duniya, kowa a guruf ɗin ya ɗauki ɗan haya ɗaya ya zama shi. Ka rubuta abin da naka ya yi da abin da ya faɗa, sai ka tsaya, wani ya amsa da nasa. Doka ɗaya ce mai ƙarfi: ba ka da ikon sa wa mutumin wani magana a baki.

Nawa sunansa Bash, mai gyaran janareto, ɗan ƙwalisa, mai daɗin baki. Nata kuwa Mama Talatu ce, tsohuwa mai tuyar masa, wadda ke tashin gidan kaf da waƙoƙin coci. A cikin gosulon Nyanya Anti Ladi take yawancin rubutunta. In ka ga Mama Talatu ta tashi da masifa, to ka san hanya ta cushe.

Abin da wasan nan ya fara koya mini, da ciwo ya koya mini shi. Na shirya Bash zai zuba wa tsohuwar nan daɗin baki har ta bar masa gefen rumfarta ya ajiye kayan aiki. Na rubuta zance mai kyau, ni kaina sai da na yaba wa kaina. Sai ga amsa: Mama Talatu ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce ya matsa, yana tare mata iska. Na bi Anti ta gefe na ce ta ɓata mini shiri. Ta turo dariya ta ce, "Ƙanena, Mama Talatu bai karanta plan naka ba fa." Daga ranar na gane mutumin labari yana da nasa kai, ba abin da kake so kawai zai yi ba.

Amma kada in yi muku ƙarya, wasan ya ɓata ni ta wani wajen. Da na rubuta gajeren labari ni kaɗai na tura mata, Bash ne ke ta surutu, sauran mutanen sai gyaɗa kai. Ta kira ni a waya.

"Nasiru, mutanen nan kurame ne?"

"A'a, Anti."

"To wa kake jira ya amsa maka? Ni ba na cikin wannan takarda. Kai ne Bash, kai ne kowa."

Ashe hannuna ya saba da rubuta rabi ya tsaya. Washegari ta sanar a guruf cewa mun yi musaya na ɗan lokaci, ni zan riƙe Mama Talatu, ita ta riƙe Bash. Na rasa ta inda zan fara, ban taɓa zama da irin matan nan ba. Dole ta sa na riƙa zuwa wajen wata mai masa a bakin titinmu, ina ci ina kasa kunne: yadda take korar yara, yadda take kiran kowa "my pikin", wato ɗana, amma ba ta ƙara wa kowa ko guda. A nan na koyi sauraro, kuma babu littafin da ya koya mini shi.

Ɓarna ta biyu ce ta fi daɗewa a jikina. A wasan nan ba a rufe labari. Kullum ƙofa kake bar wa na bayanka. Anti ta san da haka, har ta ce bayan Kirsimeti za mu haɗu mu rubuta wa gidan ƙarshe. Ciwo ya kwantar da ita kafin nan, ba ta tashi ba. Guruf ya yi tsit. Na nemi izinin sauran, na fara mayar da gidan littafi, amma duk babin da na rubuta sai ya haifo wani. Na yi shekaru a haka, har na fara tunanin ni ba marubuci ba ne, ɗan amsa ne kawai.

Ina yawan tambayar kaina me za ta ce da ta ga yau. Yara suna irin wasanmu da na'urar nan mai amsa hira, ba jira, ba gardama. Na gwada, yana da daɗi kam. Sai dai duk abin da Bash ya roƙa ana ba shi. Ina jin da ta yi tsaki ta ce wannan ai kai kaɗai kake rawa. Kuma na san da sai ta gwada, don ba ta ƙin sabon abu.

In matashi ya tambaye ni ko ya shiga irin wannan guruf, cewa nake shiga, da gudu ma. Za ka samu kunne, za ka samu masu ƙin yarda da kai. Amma ka ware lokacin da za ka zauna kai kaɗai, ka fara abu, ka gyara, ka kai shi ƙarshe, don wannan wasan ba zai koya maka ba.

Ni dai a bana na danne zuciya na sa mai gidan ya sayar da gidan, kamar yadda ake yi mana a Abuja, kowa ya kwashe kayansa. Saura izinin sa Mama Talatu a littafin, tunda ta Anti ce. Na tafi Orozo, inda mijin Anti, Oga Danjuma, ya koma da zama, na san in ya ce a'a littafin ya mutu. Ya sa na karanta masa babin ƙarshe a tsakar gida. Ya yi dariya a wurare biyu. Da na kai aya ya ce, "Shi ke nan? An gama?"

Na ce an gama, Oga.

Ya goge ido ya ce, "Ka buga. Ladi ko a gida ba ta taɓa gama labari ba, sai wani ya faɗo mata. Kai ka gama mata ɗaya."

Allah Ya sa kin huta, Anti. Na gode.