Angon Inna

Da matata ta haihu, mahaifiyata ta taso daga Djougou zuwa gidanmu na Titirou, a Parakou, don ta kula da mai jego. Jikanta namiji na fari ke nan, saboda haka tun daga ƙofa ta fara tsokana: "Ina angon nawa? Ko ya ji tsohuwa ce ya ɓuya?" Ta ɗauke shi, ta cusa hanci a wuyansa ta shaƙa. Haka ta riƙa yi kullum bayan an yi masa wanka.

Bayan suna, marurai suka fito masa a wuya da hammata. A ba da magani su bushe, su sake dawowa. Da abin ya ƙi ƙarewa, likita ta kira mutanen gida duka, aka goga mana auduga cikin hanci. Ta ce akwai ƙwayar cuta da ke zama a hancin mai lafiya bai sani ba, wani irinta kuma ba ya jin magungunan da aka saba. A hancin Inna aka same ta.

Ni na fassara mata daga Faransanci. Na zaɓi kalmomi a hankali, amma ma'anar ba ta canja ba.

"Ni ce ke nan?"

"Ba laifinki ba ne, Inna."

"Ban tambaye ka laifi ba."

Aka rubuta mata man shafawa, ta riƙa sawa cikin hanci safe da yamma, kuma ta nisanci yaron sai an sake gwaji. Takan zauna a bakin ƙofar ɗaki ta leƙa: "Ango, yaji na yi fa. Ba za ka zo biko ba?"

Yaron ya warke. Gwajin Inna kuwa ya dawo kamar na farko. Likita ta ce ƙwayar ta daina jin man nan ma. Ana ƙoƙarin haɗa wani, amma bai iso gare mu ba. Inna ta ɗaure kayanta.

A tasha matata ta miƙa mata yaron. "Inna, likita ta ce in kin wanke hannu kin rufe hanci, ba komai. Ki karɓe shi mana."

Inna ta mayar da hannuwanta baya. Ta daɗe tana kallon wuyansa, inda tabon yake.

"In sabon maganin ya zo, ka aiko min," ta ce da ni.

Ta rasu a Djougou kafin angon nata ya fara tafiya.